Yadda Na Zama Habu Shida

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa muku a unguwa game da sunan nan da ya bi ni. Na san tun kuna ƙanana yaran Dala suke tsokanarku da 'ya'yan Shida, kuna dawowa gida da kumburarren baki. Na kuma san bayanin da aka ba ku, wai ubanku ya sayar da saniyar uwarsa ya sayi lamba, lambar da ba a ci, ba a sha, ba a ɗaurawa a jiki. Ban taɓa tsayawa na gyara zancen ba, don a lokacin gani nake in na tsaya yi wa 'yan zaman zaure bayani na ba su girman da ba su kai ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni. In na yi shiru, zancen zaure shi zai zama tarihina. To, ga yadda aka yi, kuma ku sani tun yanzu ba haƙuri nake shirin ba kowa ba.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakanku ya shigo birni ta Ƙofar Dawanau bayan annobar da ta share masa garke, yana kore da 'yan shanun da suka rage, Inna na biye da shi da ƙwarya a ka, Yaya Bello a bayanta. Ni a gindin Dala aka haife ni. Kafin na yi wayo ya rasu, shanun kuma suka yi ta raguwa, yau a sayar don haraji, gobe don jinya, har ya zama saura guda, wata farar saniya jikar waɗancan, muna ce mata Fara. A bayan ɗakin Inna take kwana. Inna takan ce muddin akwai saniya a gidan nan ba mai kiran ta Bahaushiya, ko da yake Fulatancin nata ya ƙare sai na faɗa da na kiran saniya. Abin da na gada a wurin ubana sanda ce kawai, da hannun riƙe ta. Tun ina yaro in na kai shanu kiwo bayan ganuwa, aikina ke nan in ajiye ƙwallon goruba a ƙasa in kai masa sanda, in ga iyakar inda zai faɗa.

Da Turawa suka zauna a wajen ganuwa, can gabas da birni, sai suka share wani fili suna wani wasa da suke kira golf, mu kuwa wasan rami muke ce masa. Ƙaramin ƙwallo ne fari mai tauri, a bi shi da sanduna masu kan ƙarfe daga rami zuwa rami, wanda ya gama filin da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Kewayen kowane rami yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai, ana share shi da buhu. Mu aikinmu ɗaukar musu jakar sanduna da nemo ƙwallo in ya ɓace a ciyawa, kadi ake ce mana. A kanmu akwai sarkin kadi, shi ke raba aiki, shi kaɗai ke da albashi duk wata da rigar kaki, sauranmu sai abin da Bature ya ga dama ya miƙo. Sau ɗaya a shekara, bayan an ɗauke ruwa, sukan ba mu tsofaffin sandunansu mu kara a tsakaninmu, suna kallo suna dariya. A kaina dai dariyar ba ta daɗe ba.

Sai kun gane abu guda a wasan nan kafin labarin ya shige ku. Turawa ba sa barin gwani ya kara da ɗan koyo haka kawai. Kowa da lambarsa, su suna ce mata handikaf, mu muna ce mata rangwame. In an gama wasa sai a cire wa kowa lambarsa daga yawan bugun da ya yi, abin da ya rage shi ake gwadawa. Gwani lambarsa ƙarama, ɗan koyo lambarsa babba. Wato kana iya fin mutum a fili ƙiri-ƙiri, a koma inuwa a yi lissafi a ce shi ya ci. Lambata a lokacin huɗu ce, ba kadin da ya taɓa sauka har can, kuma ina ji da ita, ba zan ɓoye muku ba.

Ana nan yaƙin Jamus ya taso, aka bi unguwa-unguwa ana neman masu ɗaukar kayan soja. Gidanmu aka ce a ba da mutum guda. Yaya Bello na da ƙananan 'ya'ya, sai ni na tafi, na bar uwarku Hadiza tana amarya. Labarin can ba shi ne a gabana ba yau. Abin da ya shafi zancenmu shi ne wani akwatin harsashi ya suɓuce mana a kan gangare ya danne mini hannun hagu, likita ya cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Bayan shekaru na dawo Kano da hannu mai yatsa uku. Ciwon bai dame ni ba kamar sannun mutane. Duk wanda ya gaishe ni, bakinsa na wurina idonsa na kan hannun. Ran wata Juma'a ina zaune a ƙofar masallaci ina jiran Yaya Bello, wata tsohuwa ta zo wucewa ta ga hannun a kan gwiwata, ta jefa mini anini a cinya ta ce in yi mata addu'a. Ta ɗauka kuturu ne. Na bi ta da sauri na mayar mata da abinta, har ta tsorata. Aninin ya koma hannunta, amma ni na daɗe ina jin sa a cinyata.

Damina guda na yi ina fita bayan Ƙofar Dawanau da wata tsohuwar sandar wasa da na ɓoye tun kafin tafiya. Wani baduku maƙwabcinmu ya naɗa mini fata mai kauri a mariƙinta, ya yi mata 'yar maɗauki da nake zura tsintsiyar hannu a ciki. Da farko sandar ce ke tashi ta bar ƙwallon a ƙasa. Hannun ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Kafin gero ya nuna, ƙwallo ya koma jin magana. Ba ya zuwa nesa kamar da, amma inda na ce ya je nan yake zuwa. A daidai lokacin ne labari ya zo cewa Baba Tanko, sarkin kadinmu, ya makance, kuma Baturen da ke riƙe da harkar filin ya ce wanda ya ci wasan bana shi zai gaje shi. A gida kuwa harkar fatun Yaya Bello ta karye, hatsi ya yi tsada, uwarku na ɗauke da cikin Amina. Albashin nan shi kaɗai zai iya riƙe gidan gaba ɗaya, kuma kowa ya san haka, har ni.

Baturen nan Mai Lofe muke ce masa, don lofe ba ya barin bakinsa. Na daɗe ina ɗaukar masa jaka kafin yaƙi, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Na same shi a barandar ɗakin ajiyar sanduna na ce ina son shiga wasan bana. Ya yi murna da ganina ƙwarai, sannan ya ce:

"Dokar wasa ita ce, wanda ya daɗe bai buga ba, tsohuwar lambarsa ta mutu. Sai ya buga fili sau uku a gaban shaida, a duba yadda ya yi, a yanka masa sabuwa."

Sai idonsa ya sauka a kan hannun, muryarsa ta yi laushi.

"Amma kai ba sai ka wahala ba, Habu. Ka yi mana aiki, ka bar yatsunka a can. Na ba ka goma sha shida, ba gwaji."

Da goma sha shida ko barci nake na ci wasan nan. Kuma ba da mugunta ya faɗa ba, mutumin kirki ne a irin nasu. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne ƙarar aninin tsohuwar nan. Na ce:

"Ranka ya daɗe, dokar da ka faɗa da fari, ta Turawa ce kaɗai ko har da mu?"

"Ta kowa ce."

"To, a yi mini ita."

Ya cire lofen daga baki, abin da ban taɓa gani ba, ya ce:

"Kana da hankali kuwa?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. Yatsu aka cire."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da Yaya Bello a tsakar gida yana kai da komo, uwarku na tankaɗe a gindin turmi, Inna na kan tabarmarta tana kaɗi. Ko zama bai bari na yi ba.

"Habu, an miƙo maka tuwo har baki, ka ce sai an auna cikinka tukuna? Ni na ce a kai ka yaƙi? Su suka cinye maka yatsu, su suka ce za su biya, mene ne abin kunya a ciki?"

Na ce masa in biyan yatsu suke so su yi, su biya da sunan yatsu, kada su biya da sunan ban iya wasa ba. Muna cikin haka sai ga sallamar Ilu. Ilu ɗan Gwale ne, ni na koya masa riƙe sanda, kuma shi ne wanda kowa ke ganin zai ci in ba ni. Har yau ina faɗa, ba abin da Ilu ya yi mini sai alheri. Ya durƙusa ya gai da Inna, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya Habu, tun da ka ƙi kyauta, to ka yi abin da kowa ke yi. Duk wanda ka gani a filin nan da ɗingishinsa. Ni lambata sha biyu, kai ka koya mini, ka san hannuna ya wuce nan. Ranar gwaji ka bar ƙwallo ya shiga ciyawa nan da can, ka kuskure rami sau biyu sau uku, a yanka maka babba. Su kansu Turawan suna yi wa juna. Ka yi naka in yi nawa, ranar wasa mu kara tsakani da Allah."

Ɗingishi muke kiran wannan dabara, kuma gaskiya ya faɗa, ba wanda ke ɗaukar ta laifi. Yaya Bello ya ce ka ji mai hankali. Duk wannan Inna na ta kaɗinta, sai da mazarinta ya cika ta ajiye shi ta ce:

"Ubanku a wurin sharo na fara ganinsa. An zuba masa bulala har fata ta tsage, yana riƙe da madubi yana duban fuskarsa yana murmushi. Da ya ce wayyo ko sau ɗaya, da ba a haife ku ba. Mu abin da muka sani, mai ciwo ya ɓoye ciwonsa. Amma a ce mai lafiya ya ari ciwo ya nuna don a ba shi, wannan ban san sunansa ba."

Uwarku ba ta saba sa baki in surukarta na magana ba, amma ranar ta ajiye rariya.

"Inna, ki yi haƙuri da bakina. Abin da ke cikin nan ba sharo zai ci ba."

"Gaskiyarki, 'yar nan. Shi ya sa ban ce masa ya yi ba, ban ce ya bari ba. Na faɗi wanda ya haife shi ne kawai."

Da na shiga ɗaki uwarku ta biyo ni, ta ce, "Malam, ko a gwajin ƙarshen kaɗai, ka yi ɗingishin don ni." Na ce mata zan gani. Ban ce na yarda ba, ku riƙe wannan, don daga baya an so a ce alkawari na karya.

Mai Lofe da kansa ya zama shaida, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Gwajin farko da na biyu na buga iya ƙarfina, kadi suka bar aikinsu suna bin mu a baya. A na uku Yaya Bello ya ce shi zai ɗaukar mini jaka, mutumin da bai taɓa taka filin ba. Na san dalilinsa. Akwai wani rami can kusa da ƙarshe da sai ka tsallake wani busasshen kwazazzabo kafin ka kai shi, wanda ƙwallonsa ya faɗa ciki sai ya yi bugu uku huɗu kafin ya fito. Da muka iso, Mai Lofe ya juya baya yana kare ashana daga iska. Yaya ya miƙo mini sanda, ya ce a hankali:

"Nan ne. Jefa shi ciki. Ba wanda zai ce komai, mai yatsa uku ne ya kuskure."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya a kan ƙwallon nan na daɗe. Na tuna fuskar uwarku, na tuna tukunyar da ake ɗorawa sau ɗaya a yini. Har na sassauta riƙo. Abin da ya ɓata wa Yaya shiri kalmarsa ce ta ƙarshe. Na duba na ga lallai ba wanda zai ce komai. Za su girgiza kai ne su ce Allah sarki, hannun ne. Kuma ni ne zan sa musu maganar a baki da kaina, in ci abinci da ita duk wata har in mutu. Na damƙe sandar da yatsun nan uku na kai wa ƙwallon. Ya tashi ya tsallake kwazazzabon, ya sauka a kan baƙin yashi ya gangara ya tsaya dab da rami. Yaya Bello ya ajiye jakar a nan inda yake tsaye ya kama hanyar gida, ni na ɗauki kayana na ƙarasa.

Shida aka yanka mini. Mai Lofe ya faɗa a gaban kowa, ya miƙo mini hannu, ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi wa kansa irin wannan ɓarna da kyau haka ba. Ranar wasa kuwa na fi Ilu da bugu biyar, duk wanda ke da ido ya gani. Aka koma inuwa aka cire masa sha biyunsa, aka cire mini shidata, ya ci ni da guda. Da aka miƙa masa rigar kaki bai iya kallona ba. Ni na je na kama hannunsa na ce Allah ya taya shi riƙo. Washegari na koma ɗaukar jaka a ƙarƙashinsa, ban ji kunyar komai ba, don aiki ba sadaka ba ne. Da rana in Turawa sun shiga ofis sai in wuce tasha in yi dakon buhunan gyaɗa. Duk da haka bai isa ba.

Uwarku har ta koma ga Allah ba ta yarda na yi daidai ba. Duk ranar da hatsi ya ƙare sai ta ce in je in dafa shidata mu ci. Ban taɓa musa mata ba, tana da hakkin faɗa, ita ta yi shayarwa da cikin da bai ƙoshi ba. Yaya Bello ya yi watanni gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ilu ya daɗe a kan aikin, ya gina gida a Gwale, kuma duk salla yakan aiko mana da cinyar rago. Duk wannan na sani, na auna shi fiye da yadda 'yan zaure suka auna. In yau aka mayar da ni bakin kwazazzabon nan, tsallake shi zan sake yi. Amma kada ku ɗauka abin ya zo mini a banza, ko kuwa ban san wanda ya biya ba.

Da aka haifi Amina ba ragon suna, ba hatsin da zai kai mu damina. Ba wanda ya isa ya furta sunan Fara, sai Inna da kanta ta ce a kai ta kara, kasuwar shanu, a sayar. Da safe ta fito da ita tsakar gida, ta goge mata jiki da tsumma, ta ba ta dusa da kanwa a tafin hannunta, tana yi mata wasu maganganu da Fulatancin da muka ɗauka ta manta. Yaya Bello ya miƙa hannu zai karɓi igiya, ta janye.

"Ba kai ba. Shi ya yi cinikin, shi zai kai biyan."

Na miƙa hannun dama, ta dube shi ta girgiza kai.

"Da hagun. Ai kai ka ce lafiyarsa ƙalau."

Ta naɗa mini igiyar da kanta, ta juya ta shiga ɗaki ta saki asabari. Tun daga ranar ban sake jin ta ce kada a kira ta Bahaushiya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da aka faɗa a garin nan.

Na fita da Fara ta lungunan Dala. A zauren farko aka fara kiran sunan, wani ya ce ga Habu Shida nan zai kai saniya ya biya lamba, aka kwashe da dariya. Na ɗaga musu hannu na amsa. Ita kuwa Fara ta gane ba hanyar kiwo muka bi ba, ta riƙa turjewa tana juyawa wajen gida, igiyar na cin tabon a daidai inda yatsun suke a da. Kafin mu wuce kasuwa fatar ta buɗe, jini na bin igiyar. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Samari, canja hannu mana." Na ce masa na gode, Baba. Da shi na kai ta har kara, da shi na miƙa wa dillali igiyar.